Kartaj a Shekarun Annoba: Ikkilisiyar da Ta Zauna da Garinta

In ka taɓa zama a garin da ake yi maka kallon baƙo, alhali kuwa a nan aka binne cibiyarka, to, labarin ikkilisiyar Kartaj naka ne. Kartaj babban birni ne na daular Roma a bakin Bahar Rum, kusa da inda birnin Tunis yake a yau, kuma daga tashar jiragen ruwansa ake lodin hatsin da ke ciyar da mutanen Roma. A nan ne wani attajiri, gwanin koyar da iya magana, mai suna Sifiriyan, ya ba da gaskiya ga Almasihu wajen shekara ta 246. Ya sayar da kadarorinsa da yawa ya rabar wa matalauta, ba a jima ba kuwa jama'ar masu bi suka zaɓe shi bishof.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumakan daula, ya karɓi takardar shaida. Wanda ya ƙi, sai kurkuku, ko azaba, ko kisa. Waɗansu masu bi suka tsaya daram, da yawa suka fāɗi, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Sifiriyan kansa ya ɓuya, yana kiwon garken ta hanyar wasiƙu, akwai kuma waɗanda suka zarge shi a kan haka. Da Desiyus ya mutu a fagen yaƙi a 251, tsanani ya lafa, amma ikkilisiya ta fito da rauni, 'yan'uwa suna gardama a kan yadda za a karɓi waɗanda suka yi musun bangaskiya.

Ana cikin wannan jinya sai annoba ta shigo birnin wajen shekara ta 252. Sifiriyan ya bayyana alamunta: gudawa da amai ba ƙaƙƙautawa, gyambo a maƙogwaro, idanu jawur, gaɓoɓi suna ruɓewa, waɗansu su kurmance, waɗansu su makance. Dikinsa Fontiyus, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce mutane sun riƙa gudu, suna fitar da nasu marasa lafiya waje, har gawawwaki suka cika tituna. Bugu da ƙari, aka ɗora wa Kirista laifi, wai gumaka sun yi fushi ne domin an daina yi musu sujada.

Ka sa kanka a matsayinsu. Maƙwabcin da ke nishi a ƙofar gida, wataƙila shi ne ya nuna wa hukuma gidanka shekara biyu da suka wuce. Da ikkilisiya ta rufe ƙofa ta kula da nata kaɗai, ba wanda zai ga laifinta. Amma Sifiriyan ya tara jama'a, ya tuna musu koyarwar Ubangiji a Matiyu sura 5, cewa ba wani abin yabo ba ne mutum ya ƙaunaci masu ƙaunarsa kawai, gama Uba na sama yana ba mugu da nagari rana da ruwan sama. Sa'an nan aka raba aiki: mai hali ya kawo kuɗi, marar hali ya ba da ƙarfinsa. Aka shiga jinyar mai bi da marar bi ba bambanci.

Ba su da maganin cutar. Abin da ke hannunsu shi ne ruwan sha, da ɗan abinci, da wanke jikin majinyaci, da binne mamaci cikin mutunci. Kada ka raina wannan. Wanda gudawa ta kwantar, sau da yawa ƙishirwa da yunwa ne ke ƙarasa shi idan kowa ya guje shi. Wanda ya sami mai ba shi ruwa kuwa yana iya tashi. Haka aka yi a Iskandariya ta Masar, inda Bishof Diyonisiyus ya shaida cewa 'yan'uwa da dama, har da dattawan ikkilisiya, sun kamu da cutar garin jinya, suka rasu.

Kada kuma ka zaci alherin ya saya musu zaman lafiya nan take. A 257 Kaisar Baleriyan ya sabunta tsanani, aka kori Sifiriyan daga birnin, ran 14 ga Satumba 258 kuma aka fille masa kai. Kafin takobi ya sauka, ya ce a ba mai kisan tsabar zinariya 25. Amma iri ya riga ya faɗa ƙasa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, Kaisar Yuliyan, wanda ya so ya maido da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na Galatiya yana kukan cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Shaidar da ta fito daga bakin abokin gāba ke nan.

Tushen wannan hali ya girmi Kartaj. A Irmiya sura 29, annabi ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Jirgi ɗaya ne ya ɗauko mu da maƙwabtanmu. Rijiyar da ta gurɓace ba ta tambayar addinin mai sha, haka kwalara da sanƙarau ba su san iyakar unguwa ba. Iyayenmu a bangaskiya sun gane wannan sa'ad da asibitocin Wusasa da Vom da Garkida suka buɗe ƙofa ga duk wanda ciwo ya kawo.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka dubi garinku. Wa ke kwance ba mai dubawa? Wace magudanar ruwa ce ta toshe, kowa yana jiran wani? In an kira taron unguwa, kana zuwa, ko kuwa kana cewa ba ruwanka? Mu 'yan mulkin sama ne, hakika, amma a nan Allah ya ajiye mu, kuma zai tambaye mu abin da muka yi wa garin da ya ba mu amana.

Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar da ba ta gudun maƙwabci a ranar wahala, ka sa albarka ga garuruwanmu da dukan mazaunansu, cikin sunan Yesu. Amin.