Hanyar Kuɗin Caca: Daga Wuri Zuwa Cekin Intanet

Abin da nake so mu duba a yau shi ne hanyar da kuɗi ke bi kafin ya isa dandalin caca, domin a ganina wanda ya san wannan hanya ya san rabin tarihin caca.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Wurin nan shi ne kuɗi, shi ne kuma kayan wasan: a watsa shi ƙasa, a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka faɗi rigingine, mai sa'a ya kwashe. To, amma wuri yana da nauyi. Keso guda, wato wuri zambar ashirin, kayan ƙato ne. Saboda haka in manomi a Ikara ko Makarfi ya nufi inuwar 'yan caca bayan kaka, idon unguwa na kansa, tafiya da dawowa.

Zuwan Turawa ya kawo sule da takardar fam, karta kuma ta yaɗu, kuɗin caca ya koma aljihu. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa ta 1960 ta hana buɗe gidan caca, kuma shari'ar Musulunci, wadda Jihar Kaduna ta faɗaɗa aiki da ita a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, ta haramta cacar ɗungum. Sai dai mu lura, mai kame yana bukatar ɗaki ko inuwar da zai je ya tarar da mutane.

Ƙasar da ta gwada tare kuɗin maimakon ɗakin ita ce Amurka. A can ana buga wata irin karta da ake kira poka ta intanet, kuma hanya ɗaya ta zuba kuɗi ita ce cekin intanet. Ɗan wasa zai ba kamfani lambar asusunsa, kamfani ya rubuta masa kuɗin nan take, a ciro su daga banki bayan 'yan kwanaki. A 2006 majalisar ƙasar ta hana karɓar irin wannan biya domin cacar da doka ta haramta. Sai kamfanonin suka riƙa ɓad da sawu, ana nuna wa banki cewa kuɗin kayan ado ne ko na ƙwallon golf. Ran 15 ga Afrilu, 2011, hukuma ta tuhumi shugabannin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. A nan asiri ya tonu: Full Tilt ya rubuta wa 'yan wasa wajen dala miliyan 130 da bai taɓa samun cirowa daga bankunansu ba, aka yi ta caca da kuɗin da babu su. Jama'a na binsa wajen dala miliyan 390, abin da ke hannunsa kuwa kimanin miliyan 60 ne.

Mu dawo gida. A nan ceki bai taɓa zama abokin talaka ba, don haka muka tsallake wannan mataki. Tun 2011 bankunanmu ke da tsarin tura kuɗi nan take, kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa masu rake na Makarfi da Kudan da masu tumatir na Ikara da dama karɓar kuɗinsu ta waya. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma wayar da ke karɓar kuɗin rake ita ce ke iya miƙa shi ga kamfanin cacar ƙwallo cikin dare, ba matar gida ta gani, ba mai unguwa.

A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na Tarayya ba. Ke nan Kaduna na da ikon rufe shago a Ikara. Bankuna kuwa, da igiyar da kuɗin ke bi, suna hannun Babban Bankin Nijeriya a Abuja.