Bishiyar Kirsimeti: Hatsarin gobara da abin da inshorar gida ke biya

Bishiyar Kirsimeti, wadda iyalai Kirista ke kafawa a falo su ƙawata ta da ƙananan fitilu a watan Disamba, ba ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa gobara a gidaje. Sai dai idan ta kama, cikin daƙiƙu wuta ke kai rufi. Ƙungiyar yaƙi da gobara ta Amurka, NFPA, ta ƙiyasta cewa tsakanin 2016 da 2020 gidaje kusan 160 ne suka riƙa kamawa da wuta duk shekara a ƙasar ta dalilin bishiyar, kuma lalacewar waya ko fitilun lantarki ce kan gaba a cikin musabbabai.

A ranar 5 ga Janairu, 2022, mutum 12, tara daga cikinsu yara, suka rasu a wani gida a birnin Filadelfiya bayan da bishiyar ta kama wuta. A Janairun 2015 ma, mutum shida suka mutu a Annapolis da ke jihar Maryland, inda bincike ya gano tartsatsin lantarki ne ya kama wata bishiya da ta bushe. Ba banza ba duka biyun suka faɗo a Janairu: biki ya wuce, an daina kula da ita, ganyenta ya bushe ƙayau. Shi ya sa ake so a yanke kimanin inci biyu daga gindin ɗanyar bishiya kafin a kafa ta, a riƙa zuba mata ruwa kullum, a nisanta ta aƙalla mita ɗaya daga kyandir ko duk wani abu mai zafi, kuma kada ta tare ƙofa.

A Najeriya ta roba aka fi amfani da ita, don haka hatsarin ya fi karkata ga lantarki. Bikin yana zuwa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da komai ke bushe. Fitilu marasa inganci, soket guda da aka ɗora wa kaya barkatai, da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, su ne abin tsoro. Fitilun da aka ƙera don Amurka, mai amfani da volt 120, ba su dace da namu volt 230 ba. A kashe fitilun kafin a kwanta ko a fita. Idan wuta ta tashi, a fitar da kowa tukuna, sannan a kira 112.

Inshorar gida, a Amurka ko a nan, tana biyan asarar gobarar da ta tashi bisa tsautsayi, ciki har da ta bishiyar. Ba ta biyan wadda aka kunna da gangan. Inda mutane suka fi yin asara shi ne rashin sanin abin da suka saya. Inshorar mai gida ta shafi ginin ne kawai. Ɗan hayan da bai yi wa kayansa tasa ba, ba shi da abin karɓa idan kujeru da talabijin suka ƙone.

Akwai kuma batun ƙima, wanda tsadar kayan gini ta sa ya zama babba. Idan sake gina gida zai ci naira miliyan 40, amma aka yi masa inshorar miliyan 20, kamfani na iya biyan rabin asarar kawai, ko da falo ne kaɗai ya ƙone. Sabunta ƙimar duk shekara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan jayayya bayan gobara.

Wajen neman diyya, a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba, a ɗauki hotuna kafin a share wurin, a haɗa rasit da rahoton hukumar kashe gobara. Hukumar NAICOM ce ke ba kamfanonin inshora lasisi, har da masu takaful bisa tsarin Musulunci, kuma ita ake kai wa ƙorafi idan kamfani ya ƙi biya.