Barcin da ba barci ba: labarin likita Mesmer

Yau za mu koma ƙasar Faransa, shekaru fiye da 200 da suka wuce. Za ka ji yadda aka gwada maganin wani likita don a san gaskiyarsa.

Sunan likitan Mesmer. An haife shi a ƙasar Jamus a shekara ta 1734. Ya yi karatun likita a birnin Biyana. A 1778 ya zo Pari, babban birnin Faransa. Ya ce akwai wani ƙarfi a jikin mutum, kamar na maganaɗisu, wanda ido ba ya gani. In ƙarfin ya toshe, sai ciwo ya zo. Ya ce shi ya iya buɗe masa hanya.

Ga yadda yake yi. Yana da wani ƙaton baho na katako. A ciki akwai ruwa da garin ƙarfe. Majinyata su zauna kewaye da shi, kowa ya kama sandar ƙarfe ya ɗora inda ke masa ciwo. Wasu su yi kuka, wasu karkarwa, wasu su suma. In sun farfaɗo, da yawa su ce sun ji sauƙi. Masu kuɗi suka yi ta tururuwa gidansa.

A 1784 sarkin Faransa, Luwi na 16, ya ce a bincika. Ya naɗa masana, cikinsu har da Benjamin Franklin, jakadan Amurka. Almajirin Mesmer, mai suna Deslon, shi ya yarda a gwada aikin.

Suka tafi garkar Franklin. Deslon ya shafa wani itace guda, ya ce ya sa masa ƙarfin. Aka kawo yaro ɗan shekara 12, aka ɗaure masa ido. Aka kai shi wajen wasu itatuwa dabam, waɗanda ba a taɓa ba. Yaro ya fara tari da gumi. A itace na huɗu ya faɗi sumamme.

Aka sake gwadawa da wata mace. Aka riƙa miƙa mata kofunan ruwa. Ta birkice a kan kofin da ba a yi wa kome ba. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa, sai aka ba ta kofin da aka shafa, ba ta sani ba. Ta sha lafiya lau.

Masanan suka rubuta wa sarki cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfi. Abin da mutum ya sa a ransa, shi ke girgiza jikinsa. Mesmer ya bar Pari, ya mutu a 1815.

Amma zancen bai ƙare ba. A 1841 wani likita a Ingila, James Braid, ya sake dubawa. Ya ga in mutum ya kafa ido a kan abu mai ƙyalli, ya tattara hankalinsa wuri guda, sai ya shiga wani hali kamar barci. Daga kalmar barci ta Girkanci aka samo sunan abin. Da Faransanci ana ce da shi ipnoz.

Yau an san ba barci ba ne. Mutumin yana ji, yana amsawa. Ba kowa ne yake shiga ba. Wasu likitoci suna amfani da shi don rage zafin ciwo da tsoro. Amma ba ya kashe ƙwayar masassarar cizon sauro, ba ya ɗora karaya.

To, ɗan uwa, ka lura da abu biyu. Majinyatan Mesmer ba ƙarya suka yi ba, da gaske suka suma. Amma suma ba shaida ba ce cewa magani ya ci. In wani ya nuna maka abin mamaki yana neman kuɗin geronka, ka tuna da yaron nan da itacensa. Ka tambaya: in an ɗaure ido, maganin zai yi aiki? In kuma ɗanka yana zazzaɓi, kada ka jira. Kai shi gidan likita.