Tsaunin da Babu Kowa: Tarihin Wani Zane

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai ɗaukar hoto a Birnin Ƙonni ko Illela, ya san labulen nan da ake tsayawa gabansa: tsauni ya rufu da dusar ƙanƙara, tabki garai-garai a gindinsa, itatuwa shar, babu mutum ko ɗaya. Ango da amarya su kan fito a hoto sai ka ce a Suwizalan aka ɗaura aurensu. Wannan siffa tana da tarihi, kuma ya kamata malamai su san shi.

A ƙasar Turai, an daɗe ana ɗaukar tsaunukan Alfas wurin tsoro da wahalar matafiya. Sai a ƙarni na 18 masu zane irin su Caspar Wolf suka fara mai da su abin sha'awa. Daga can salon ya haye zuwa Amurka. A 1868 Albert Bierstadt, haifaffen Jamus, ya zana tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya da tabki a ƙarƙashinsu, barewa da tsuntsaye a bakin ruwa. A birnin Roma ya yi zanen, kuma bai sa ɗan Adam a ciki ba. Amma ƙasar tana da masu ita: tun 1851 aka tura mayaƙa su kori Indiyawan daji daga kwarin Yosemite. Zanen ya share su daga allo bayan bindiga ta share su daga ƙasa.

Mu ma wannan ido ya kalli ƙasarmu. A 1850 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya ratsa duwatsun Azbin, ya zauna a Tintellust, ya isa Agadas a watan Oktoba. Yana tafe yana zana abin da ya gani. Da aka buga littafinsa mai juzu'i 5 a 1857 da 1858, wani mai zane, Johann Martin Bernatz, shi ya mai da zane-zanen hotuna masu launi, alhali bai taɓa taka Azbin ba. Ta hannunsa Turawa da yawa suka fara ganin tsaunukanmu: manyan duwatsu, sararin sama mai faɗi, mutane da raƙuma ƙanana a gefe.

Sai dai Azbin ba fayau ba ne. Mazaunansa sun riga kowa zane a jikinsa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse, tsawonsa ya haura mita 5, tun shekaru dubbai da suka shige, tare da wasu zane-zane fiye da 800. Waɗannan magabata dabba suka zana da mutum. Dutsen kansa allonsu ne, ba abin kallo ba. Daga wannan ƙasa kuma Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya sauko ya ci Adar wajen 1674, kuma daga gare shi sarakunan Adar na Illela suke jan salsalarsu. Tsaunin da bako ya ga kamar kufai, a wurinmu gidan kakanni ne, hanyar ayarin gishiri.

Hakanan masu zanen ƙasar Hausa ba su saba da zanen shimfiɗar ƙasa ba. Gwanintarsu ta tafi ga dagi a bangon zaure, da zayyanar allo, da aikin riga. Ba gazawa ba ce. Kowace al'umma tana zana abin da ta ɗaukaka. Amma yau da fenti da takarda suka shiga makarantunmu, tambaya ta taso: wace ƙasa yaranmu za su zana? In aka ce su zana tsauni, da yawa za su kwaikwayi na labule, su bar tuddan Adar, da kwarin Maggiya, da ruwan madatsar Mozage, da duwatsun Malbaza da ake fasawa ana siminti tun shekarun 1960.

Waɗannan wurare suna canzawa: zaizaya na cin kwari, haƙa na rage tudu. Abin da ba a zana ba yau, jikoki ba za su san kamanninsa ba. Malamai da ƙungiyoyin al'adu su fita da yara bayan gari, su zana dutsensu yadda yake, da makiyayi a kansa, da gonar gero a gindinsa, da mata a bakin rijiya.