Malamin Lesin da Amanar Iyaye

Tun kafin zuwan boko Bahaushe ya saba sallamar malami daga aljihunsa. Kuɗin Laraba ake kai wa malamin allo, kuma ba a tambayarsa takardar shaida. Abin dubawa shi ne a zauren wa ya yi karatu, yara nawa suka sauke a hannunsa.

Lesin ya gaji wannan ma'auni, ko da yake ɗan baya-bayan nan ne. Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, aka kafa JAMB a 1978, sannan tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa albashi ya daina kai malami ƙarshen wata. Sai malamai suka fara tara yara bayan La'asar.

Na unguwarmu a gareji yake koyar da lissafi, da bencina da allon da aka shafe da baƙin batir. Ƙofar kullum a wangale take, duk mai wucewa yana ganin ciki, shi ya sa iyaye suka yarda su turo 'ya'yansu mata. Ba ya karɓar ko sisi sai wata ya ƙare, marayu kuwa kyauta. Tallarsa a gidajen suna da biki iyaye mata suke yi masa, bayan sakamakon WAEC ya fito.

Masu sayar da amsar jarrabawa ne suka zubar wa sana'ar mutunci, kuma har yau ina jin zafinsu, domin sun jawo wa masu gaskiya zargi. Da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, iyaye suka fara shiga cibiyoyin lesin da kansu, suna ƙirga kwamfutocin da ke aiki kafin su biya.