Turancin Jajayen Gashi: Yadda Sinawa Suka Fara Tsintar Kalmomin Ingilishi

Idan muka taru a matsayinmu na marubuta, hirarmu ba ta cika wuce ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo ba. Da wuya a ji wani ya kawo zancen ɗan littafin nan na jerin kalmomi, irin wanda falke kan cusa a aljihu domin ya iya tambayar farashi a garin da ba a jin harshensa. Muna yi masa kallon abin da bai kai a kira shi rubutu ba. To amma fa raina kama ka ga gayya. Tarihin yadda mutanen ƙasar Sin suka koyi Ingilishi daga irin wannan ɗan littafi ya faro, kuma duk wanda ya bi sawun littattafan zai ga cewa kowane zamani ya zaɓi kalmomin da ya ga yana bukata, ya watsar da saura.

A shekarar 1757 Sarki Ciyanlong na daular Cing ya taƙaita cinikin Turawa na teku a tashar jiragen ruwa guda ɗaya, wato Kanton, birnin da muka fi sani da Guwangzu a yau. An keɓe wa baƙin wata 'yar unguwa a bakin kogi, a wajen ganuwar gari, inda suke sayen ganyen shayi da siliki da tangaran. Hukuma ba ta son su iya Sinanci. A 1759 wani Bature mai suna James Flint, wanda ya ji harshen, ya kai ƙara arewa a rubuce. Sai aka ɗaure shi, aka kuma kashe Basinen da aka zarga da taimaka masa wajen rubutun. Tun da an toshe wannan ƙofa, ga shi kuma ciniki ba ya yiwuwa da bebantaka, dole uwar na ƙi, sai nauyin koyon harshe ya koma kan Sinawa: dillalai da tafintoci da kuku-kuku da 'yan dako da masu kwale-kwale.

Waɗannan mutane ba su da makaranta, ba su da malami. Gaskiya ne Robert Morrison, ɗan mishan ɗin da ya iso Kanton a 1807, ya tsara babban ƙamus mai juzu'i 6 da aka buga a Makawo tsakanin 1815 da 1823. Sai dai wannan aiki ya fi amfanar Baturen da ke neman Sinanci, kuma yaron kanti bai isa ya saye shi ba. Abin da yaron kanti ya samu shi ne wani ɗan littafi da ake sayarwa da araha a kasuwar Kanton wajen shekarun 1830, wanda ma'anar sunansa ita ce maganar yau da kullum ta jajayen gashi. Da farko 'yan Holan ake yi wa wannan laƙabi, daga baya ya koma kan Ingilishi. Ba a san wanda ya rubuta shi ba, domin bai sa sunansa ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan littafi. Shafukansa ba su kai 20 ba, kalmominsa ba su cika 400 ba, an kuma kasa su gida huɗu: lissafi da ciniki, mutane da sana'o'insu, maganar yau da kullum, sai abinci da tarkace. Abin mamaki, babu harafin boko ko ɗaya a cikinsa. Marubucin yakan kawo kalmar Sinanci, sannan a ƙarƙashinta ya sa wasu alamomin rubutun Sinanci waɗanda idan aka furta su za su ba da amon kalmar Ingilishi, ba tare da an kula da ma'anarsu ba. Alal misali, don a ce ɗaya da Turanci sai ya sa alamar da ke nufin ɗumi, saboda mutumin Kanton “wan” yake karanta ta. Don a ce uku kuwa sai ya haɗa alamomi biyu masu amon “dei-lei”, waɗanda a asali suke nufin labarin ƙasa. Mu da muka gaji ajami ba za mu yi wa wannan dabara dariya ba, don mun san abin da ake nufi da ɗaukar rubutun da aka saba da shi a ɗora masa sautin da ba a ƙera shi dominsa ba. Haka kuma harshen mutanen Kanton, kamar namu, ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, sai suka riƙa cusa wasulan, kamar yadda muka samu burodi da bokiti.

Turancin da ya fito daga nan bai yi kama da na Landan ba. Kalmomin na Ingilishi ne, da 'yan tsirarun na Fotugis da aka gada daga Makawo, amma ginin jimlar ya karkata ga Sinanci. Masana da yawa na ganin cewa kalmar “pidgin” kanta, wadda a yau ake kiran Turancin buroka da ita, ta samo asali ne daga yadda mutanen Kanton ke furta kalmar Ingilishi mai nufin harka ko kasuwanci. Turawa sun yi ta yi masa ba'a, amma su ma sai da suka koye shi, kuma da shi aka yi cinikin dukiya mai ɗimbin yawa shekara da shekaru.

Raunin dabarar bai fito fili ba sai bayan yaƙin ofiyom na farko. Yarjejeniyar Nanjin ta 1842 ta miƙa wa Ingila tsibirin Honkon, ta kuma buɗe tashoshi 5, ciki har da Ningbo da Shangai. Rubutun Sinanci iri ɗaya ne a ko'ina, amma kowane yanki da yadda yake furta shi. Saboda haka mutumin Ningbo da ya ɗauki littafin Kanton ya karanta da bakinsa, abin da zai fito babu Baturen da zai gane. Sai a 1860 wasu 'yan kasuwar Ningbo da ke Shangai, a ƙarƙashin jagorancin Feng Zefu, suka haɗa kuɗi suka buga nasu littafin bisa lafazin garinsu. Ga alama sun gane abin da wasunmu kan manta idan sun zauna rubutu, wato da wane baki mai karatu zai furta abin da aka ba shi. Turancin Shangai ya ɗauki sunan wani rafi, Yangjinbang, da ya raba unguwar Ingilishi da ta Faransawa. An cike rafin tuntuni an shimfiɗa titi, amma har yanzu da sunansa ake kiran gurɓataccen Turanci a can.

Wanda ya fi burge mu a wannan tarihi shi ne Tong King-sing. Ya yi karatu a makarantar mishan da aka kafa don tunawa da Morrison, ya yi aikin tafinta a Honkon, sannan a 1862 ya fitar da littafin koyon Ingilishi mai juzu'i 6. Shi ya iya Turanci na ƙwarai, kuma shi ya koyar: ga jimlar Sinanci, ga ta Ingilishi da haruffan boko, ga lafazinta da alamomin Kanton. Duk da haka bai yi wa Turancin kasuwa girman kai ba. A gefen shafi yakan nuna yadda ake faɗin wannan magana a bakin tasha, domin ya san ɗalibinsa gobe da safe can zai nufa neman abinci. Wani malamin da sai ya share wannan gefe don kada a raina iliminsa. Daga baya Tong ya zama babban dillalin kamfanin Jardine Matheson, ya shugabanci kamfanin jiragen ruwa na Sinawa, ya kuma buɗe ma'adinar kwal ta Kaiping.

A wannan shekara ta 1862 ita ma hukuma ta saduda. Yarjejeniyar Tiyanjin ta 1858 ta tanadi cewa idan aka sami saɓani tsakanin rubutun Sinanci da na Ingilishi, na Ingilishi za a bi. Don haka aka buɗe makarantar tafintoci ta Tongwen Guan a Beijin da ɗalibai 10. Daga nan kalmomin da ake nema suka tashi daga farashin shayi suka koma na shari'a da injuna da kimiyya. A 1898 wata maɗaba'a ta Shangai mai suna Commercial Press, wadda aka kafa shekara guda kafin nan, ta ɗauko littafin farko da Turawa suka shirya wa yaran Indiya, Xie Honglai ya sa masa fassarar Sinanci, ya kuwa yi kasuwa ƙwarai.

Sauran labarin ya bi iskar siyasa. Bayan 1949 Rashanci ya ture Ingilishi a makarantu, sai da aka ɓata da Tarayyar Sobiyet sannan aka waiwayo shi. A zamanin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, darasin farko na yaro kirari ne ga Mao. A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin BBC mai suna Follow Me, jama'a suka yi ta bin gaisuwa da tambayar hanya daga bakin 'yan wasa. A 2001 aka umarci makarantun firamare su fara koyar da Ingilishi tun daga aji 3.

Duk da wannan, tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. Malamai na hana ta, amma ɗalibai na ci gaba da rubuta amon kalma da alamomin Sinanci a gefen littafi. Godiya da Turanci takan zama alamomi uku masu nufin giram uku na mai. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 kuma 'yan kasuwar Afirka, ciki har da namu na Kano, suka fara sauka a Guwangzu sarin kaya. Turancin da suke yi da masu shagunan unguwar Shiyawbei bai wuce na adadi da farashi da ranar ɗaukar kaya ba, inda ya ƙare kuma sai a miƙa wa juna kwakuleta.