Tambayar da Aka Yi a Zaure

A 2003 Kano ta rufe ƙofa ga masu ɗigon shan inna. Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya ce an gauraya maganin da abin hana haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin. Sai a Yulin 2004 aka koma, da magani daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka har Sudan.

Ni dai ban yarda da masu cewa jahilci ne kawai ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200, guda 11 suka rasu. Wanda ya ga wannan, dole ya yi tambaya. Tambayar magidanta kuwa ɗaya ce: "Zazzaɓi na kashe mana yara, a asibiti sai mun sayi magani. Me ya sa wannan kaɗai ake bin mu da shi har gida, kyauta?" Da farko ma'aikacin ɗigo ba shi da amsa sai "umarni ne daga sama". Maigida ya ce Allah ya ba da sa'a, ya shige ciki.

Abin ya sauya ne da aka fara sauraro. Daga 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa cikin aikin, magana ta gangaro zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ke zuwa suna da biki, masu iya shiga har tsakar gida. Irin wannan mace ba ta farawa da kwalba. Takan gaida uwar gida, ta tambayi jikin yaro, ta ce, "Yaya, nawa ma an ɗiga musu, ga su can suna wasa." Aka buɗe sansanonin lafiya masu ba da maganin zazzaɓi da na gudawa, wato an amsa waccan tambayar a aikace. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka shiga gida-gida a kan kekunansu, kuma da wuya uba ya yi musu da su.

Matan nan sun biya da tsada: a Fabrairun 2013 aka harbe 9 a Kano suna bakin aiki. Abokan aikinsu suka ci gaba da sallama a ƙofofi. An ga na ƙarshen masu ainihin cutar a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.